Amsa ga mai tambayar koyon burodi da fiza

Wa alaikumus salam 'yar'uwa, na ga tambayarki, wai ki biya kuɗin aji ne ko ki zauna gida ki koyi kwaɓin burodi da na fiza a YouTube. Ni duka biyun na taɓa, nan Aboabo nake a Kumasi.

Da waya na fara kuma kusan wata uku burodina yana fitowa da tsami. Ashe masu bidiyon nan yawancinsu a Turai da Amurka suke, kicin ɗinsu da sanyi, za su ce ki bar kwaɓi awa biyu ya tashi, mu kuwa nan da zafin watan Maris kafin awa ɗaya ya ninka, in kika ƙara masa lokaci sai ya yi tsami ya zube. Na gane haka ne sai da na je wajen wata dattijuwa mai gasa burodin bota da na suga a unguwarmu, Allah ya saka mata da alheri, sati biyu ina zuwa. Ranar farko ta kama yatsana ta danna a kwaɓin ta ce "ɗiyata duba, in ramin ya dawo a hankali to ya isa shiga wuta, bar kallon agogo". Ta kuma yagi kaɗan ta ja shi a hankali har ana hango haske ta cikinsa bai yage ba, ta ce murza ta kai kenan. Su masu gasa burodin sayarwa inji suke kai kwaɓinsu shi ya sa laushin burodinsu daban ne, ke da hannu ki sa minti 15 ko fiye, kar ki gaji ki dinga ƙara fulawa don yana manne miki.

Ki sayi ɗan sikeli kafin komai don Allah, awon olonka (mudun awonmu na nan) da gwangwani yau daban gobe daban. A kasuwar Kejetia ki ce fulawar burodi kike so mai ƙarfi, ba ta kek ba. Ruwan yis kuma ɗumi-ɗumi, mai zafi kashe shi yake.

Fiza kam ita a gida na koya kuma ta fi sauƙi, ba bota ba madara ba gyaɗar ƙamshi. Fulawa giram 500, ruwa giram 320, gishiri giram 10, yis rabin ƙaramin cokali, mai kaɗan, ki rufe ki sa a firij ya kwana, sai dai ranar da dumsor ya ɗauke wuta ki gasa da wuri. A Italiya tandarsu ta wuce digiri 400, ke ki ƙure obin ɗinki, faranti ya yi zafi sosai a ciki kafin ki ɗora.

In ajin kike so ki fara tambayarsu ko kowa zai murza nasa kwaɓin da hannunsa, domin wata ƙawata ta biya kuɗi masu yawa su ashirin suna tsaye malama ɗaya tana yi suna ɗaukar bidiyo.