Kura da zaki: gaba ce ko kishi?

Tambaya: Malam, ina yawan kallon fina-finan namun daji, kuma kullum sai in ji mai sharhi yana cewa zaki da kura abokan gaba ne na har abada. In zan bayyana wa yarana da Hausa, wace kalma ce ta dace da abin da ke tsakaninsu: gaba, kishi ko gasa? (Mai karatu daga Gusau)

Amsa: Kalmomin uku maƙwabtan juna ne, amma kowace da mazauninta. Gasa ita ce mai sauƙi. Mutum biyu na neman abu ɗaya bisa ƙa'ida, in an tashi a yi musabaha, kamar gasar karatu ko ta ƙwallo. Ba ta da wuri a nan, don jini ake zubarwa. Gaba, wadda ake jan wasalinta na farko don a bambanta ta da gaba kishiyar baya, ƙiyayya ce da aka ƙulla a zuci, mai tushe, wadda kan sa a daina gaisawa har 'ya'ya su gada. Adawa da muka aro daga Larabci 'yar'uwarta ce, ko da yake yanzu 'yan siyasa sun kusa mallake ta. Shi kuwa kishi sai an haɗa wani abu: mata biyu miji ɗaya, 'yan kasuwa biyu layi ɗaya. Ba a kishi da wanda ba a haɗa komai da shi ba.

A ganina kishi ne ya fi dacewa, ko hamayya in ana son kalmar da ba ta da ƙamshin gidan aure. Zaki da kura akushi ɗaya suke ci. Fiye da rabin irin naman da ɗaya ke farauta shi ne ɗayan ke nema: jakin dawa, barewa, 'yan maruƙan ɓauna, da wata dabba mai gemu da ta cika filayen Tanzaniya da Kenya, wadda masu jin Sawahili ke kira nyumbu. Dukansu da dare suka fi fita, kuma dukansu ba sa ƙin ƙwace abin da wani ya kashe. To ina za a zauna lafiya?

Maganar gaba ta har abada ta yi ƙarfi ne daga wani fim da Dereck da Beverly Joubert suka ɗauka a yankin Savuti na ƙasar Botswana, wanda ƙungiyar National Geographic ta Amurka ta fitar a 1992. Abin da aka nuna a ciki ya faru, ba ƙirƙira ba ne. Sai dai mai kallo ya tuna cewa masu irin wannan aiki kan shafe watanni ko shekaru a daji, sannan su tace abin da suka ɗauka ya koma awa ɗaya. Dararen da zaki ya wuce kura bai ko ɗaga kai ba, ba su da kasuwa, don haka ba a sa su.

Ga yadda karon yake a zahiri. Namijin zaki kan kai kilo 150 zuwa 250, zakanya kilo 110 zuwa 180, ita kuwa kura tsakanin 45 da 80 take. Ɗaya da ɗaya ke nan babu ma zancen faɗa. Ƙarfin kura a yawa yake. In suka tarar da zakoki a kan nama, sai su fara wannan dogon kuka mai tashi sama da ake iya ji daga nisan kilomita 5, suna kiran 'yan'uwa. In sun taru sai su ɗaga wutsiya, su haɗa kafaɗa, su riƙa matsowa suna gurnani, wannan ta kai cizo ta baya ta ja da baya, waccan ma ta kai. Binciken da aka yi a gandun dajin Chobe na Botswana ya nuna sai kuraye sun ninka zakanyu da matasan zakoki kamar sau huɗu kafin su iya korarsu daga kan nama. Inda lissafin ke rushewa shi ne in ƙasaitaccen namiji ya iso. Shi ba ya tsayawa kare nama, kai tsaye yake kutsawa cikinsu, wadda ya cim ma ya karya mata gadon baya ko wuya. A gandun Etosha na Namibiya an ƙiyasta cewa kashi 71 cikin 100 na kurayen da aka san sanadin mutuwarsu, zaki ne ya kashe su. Kuma galibi ba ya cin naman, barinta yake yi a nan. Su ma kuraye in suka sami 'ya'yan zaki ba uwa a kusa, ko tsohon zaki da ya jikkata, ba sa raga musu. Wannan kisan da ba na ci ba shi ne kawai abin da ya ɗan yi kama da gaba, amma shi ma rage masu sa hannu a akushi ne.

Ka ce wa yaran ba sa ga maciji, ko ba sa shan inuwa ɗaya. Duka biyun Hausa ce tsantsa, kuma ba su ɗora wa dabba riƙon da mutum ne kaɗai ke yin sa.

Tambaya: Ana yi wa kura kirari da "ga tsoro ga ban tsoro", kuma a tatsuniya kullum ita ce ɓarauniya mai kwaɗayi. Ashe ba ita ke jiran zaki ya ci ya rage ba? (Mai karatu daga Maraɗi)

Amsa: Kirarin daidai ne, har ina ganin da wuya a sami jimla mai kalma biyar da ta fi shi kama halin wannan dabba. Ma'anarsa abu mai firgita mutane alhali shi ma a firgice yake, shi ya sa ake faɗarsa ga azzalumin da ke cika baki gaban raunana amma ya ga na gaba da shi ya lafe. Kura ɗaya tilo ko yaro ya ɗaga mata sanda da tsawa takan ja da baya, ita ɗin ce kuma ke da muƙamuƙin da ke farfasa ƙashin cinyar ɓauna. Abin da muke kira tsoro, a wajenta awo ne: tana duba yawan 'yan'uwanta da girman abokin karo kafin ta matsa. Ko dariyar kura da ake faɗa ba ta farin ciki ba ce. Sautin da take yi ke nan in an matsa mata, ko wata babba ta kore ta daga nama.

Zancen jiran ragowa kuwa, nan ne aka zalunce ta. Wani masani ɗan ƙasar Holan, Hans Kruuk, ya bi kuraye da dare a Serengeti da kwarin Ngorongoro na Tanzaniya a shekarun 1960, ya fitar da littafinsa a 1972. Ya tarar mafi yawan abin da suke ci su suka kashe da kansu, kuma a Ngorongoro zakoki ne suka fi rayuwa da ƙwacen abin da kuraye suka kashe. A yankin Masai Mara na Kenya, inda masaniya Kay Holekamp ta Jami'ar Jihar Michigan a Amurka ta fara bibiyar kuraye tun 1988, an sami garken da kusan kashi 95 cikin 100 na abincinsa farautarsa ce. Ba sanɗa suke yi kamar zaki ba. Kora suke yi, gudun da kan kai kilomita 60 a awa, su bi dabba kilomita da dama har ta gaji ta tsaya.

Kuskuren daga wayewar gari ya samo asali. Mai kyamara ya iso da hantsi, ya tarar da zaki kwance a kan jakin dawa, kuraye sun yi da'ira suna kallo, sai ya yanke hukunci. In ka sake ganin irin wannan hoto, dubi fuskokin kurayen. In ka ga jini ya jiƙe musu kai da wuya har ƙirji, alhali zaki ne a kan naman, to akwai alamar su suka kashe cikin dare aka ƙwace musu. A irin wannan safiya karin maganar da ta dace ita ce "kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi", zaki kuwa shi ne gardin.

Asalin wannan karin magana wasan kura ne. Gardawa kan sa mata takunkumi a baki, su ɗaura mata sarƙa, su zaga kasuwa da ita da kulki a hannu, jama'a na ba da kuɗi. Ita ta sha wuya, wani ya ci riba, don haka ake faɗarta ga lebura da ɗan kwangila, ko manomi da dillali. Takunkumin nan shi ne kalmar da 'yan jarida suka ɗauka suke cewa an sa wa ƙasa kaza takunkumi, wato an ɗaure mata baki ta kasa ci.

Ku lura da wani abu. Karin maganar kura da suka fi yawo a bakin mutane ba da zaki suke haɗa ta ba. Da akuya ne, kamar "mai akuya ya yi tafiyar dare, balle mai kura". Da nama ne, kamar "ba a ba kura ajiyar nama". Da gardi ne. Dalili shi ne Bahaushe a bayan gari ya san kura, tana zagaya garke da juji da dare, a can kuwa ɓarauniya ce da gaske. Zaki na can cikin dawa, sai maharba ke ganinsa, shi ya sa ya fi zama a fada, inda ake gaida sarki da "Zaki!" A tatsuniya ne suke haɗuwa, kamar labarin rabon nama inda kura ta raba daidai zaki ya mangare ta, dila ya tura wa zaki duka, da aka tambaye shi wa ya koya masa rabo ya nuna kura. Yau ma da wuya Bahaushe ya ga karon nan da idonsa. Zakokin Afirka ta Yamma 'yan ɗaruruwa ne suka rage, mafi yawansu a dajin da ya haɗa Nijar da Benin da Burkina Faso, wanda gandun dajin da ake kira W ke cikinsa, sai 'yan kaɗan a wurare irin su Yankari da Kainji.

Tambaya: Mene ne sayaki a cikin "gaba kura, baya sayaki"? Wasu sun ce namijin kura ne. (Ɗaliba daga Zariya)

Amsa: Ba namijin kura ba ne. Namijin kura shi ne kure. Sayaki, wasu su ce siyaki, dabba ce daban ko da yake dangi ɗaya suke. Kura dabbare-dabbare ce, kunnuwanta a zagaye, tana zama cikin garke da kan kai 80. Sayaki ratsi-ratsi ne a jikinsa, kunnuwansa masu tsini, da dogon gashi a gadon baya da yake tayarwa in ya tsorata don ya ƙara girma a ido. Bai kai kura nauyi ba, shi kaɗai yake yawo, ba ya dariya, kuma shi ne ainihin mai rayuwa da mushe. Ana samunsa daga Sahel har Arewacin Afirka da ƙasashen Larabawa da Indiya. Ba ya tunkarar zaki, don haka ba shi ake gani a fina-finan nan ba. Karin maganar na nufin mutum ya shiga tsaka mai wuya, duk inda ya juya halaka ce, kuma daɗinta shi ne an zaɓo masifu biyu 'yan gida ɗaya.

Tunda an taɓo kure, ga wani abin sha'awa. Hausa ta ɗauki kura a matsayin mace, muna cewa "kura ta zo" ko ba mu san jinsinta ba. Wannan dacewa ce ta nahawu, amma ta faɗa daidai: a garken kuraye mata ne ke mulki, sun fi maza girma, kuma 'ya kan gaji matsayin uwarta. Al'aurar macen ta yi kama da ta namijin ƙwarai, abin da ya sa al'ummu da dama suka ɗauka mata-maza ce. Ba haka ba ne.

Tambaya: "Ramin kura sai 'ya'yanta", me ake nufi? (Mai karatu daga Kumasi)

Amsa: Ana faɗarta ga wuri ko al'amari mai haɗari da ba mai shigarsa lafiya sai ɗan gida. Gidan mafaɗaci, ko sana'ar da ke da sirri, sai wanda ya tashi a ciki. Amma maganar ta fi haka gaskiya. Kura kan yi ciki na kwana 110, ta haifi ɗaya ko biyu, idonsu a buɗe, haƙoransu sun riga sun fito. Ramin da ake ajiye su bakinsa ne kawai mai faɗi. Can ciki ƙananan hanyoyi ne da 'ya'yan ke ƙara tonawa da kansu, waɗanda ko uwar ba ta iya shiga. A bakin rami take kwanciya ta kira su su fito su sha nono, shayarwar da kan wuce shekara guda. In zaki ya biyo ta wurin, uwar ta kauce, 'ya'yan su zurma ciki, ya yi ta kai hannu ba ya isa gare su.

Tambaya: A waya nakan ga an rubuta "zaki" ana nufin na sukari. Kuskure ne? (Malamin makaranta daga Azare)

Amsa: Kuskure ne, kuma dabbobin nan biyu duk abin ya shafa. Zaki dabba ne, zaƙi na zuma da rake ne. Kura dabba ce, ƙura ita ce ta hanya da iska ke tayarwa. Haka kure da ƙure. Lanƙwasar da ke kan ƙ ita ce ta raba su, kuma yawancin wayoyin yanzu suna da allon rubutun Hausa, sai dai a shiga saiti a ƙara shi. Wanda ya rubuta "mota ta ta da kura" ya ce mota ta tashi dabba daga barci. Jam'in zaki zakoki ne ko zakuna, duka biyun ana faɗa, na kura kuraye. Kurakurai kuwa jam'in kuskure ne, ba ruwansa da kura.