Amsa ga mai son mayar da tsohon gajeren labari fim

Ɗan'uwa, ka tambayi yadda za ka mayar da tsohon labari mai shafi goma fim ba tare da ka ɓata shi ba. Na taɓa shiga wannan ruwa, bari in gaya maka abin da na gani.

Fara da haƙƙin mallaka. Tsufan labari kaɗai ba ya sa ya zama na kowa. Yarjejeniyar Berne, wato ta ƙasashen duniya kan haƙƙin mallaka, ta ba da kariya aƙalla shekara 50 bayan rasuwar marubuci, ƙasashe da dama kuma sun kai ta 70. In da fassara za ka yi aiki, ita ma da mai ita.

Babban tarkon shi ne ciko. Shafi ɗaya na rubutun fim kusan minti ɗaya ne a allo, sai ka ga abin ya yi kaɗan, zuciya ta ce ƙara soyayya, ƙara mugu. Haka na yi da labarin wani tsoho da ke jiran wasiƙar ɗansa. Na ƙirƙiro masa maƙwabta da rigingimu, muka ɗauka. Da muka zauna tacewa sai na tarar tsohon ya ɓace cikin hayaniya. Wallahi ranar ban yi barci ba. Fitowa ɗaya ce ta cece mu: yana goge tabarau da bakin riga, ya ajiye, ya sake ɗauka ya goge, alhali babu abin karantawa a gabansa. Damuwar da marubucin ya cika shafi biyu da ita, hannun nan ya faɗe ta cikin daƙiƙa talatin. Muka zubar da cikon, fim ya tsaya a minti 25.

In tsawaitawa ta zama dole, dubi yadda Kurosawa, daraktan fim ɗan Japan, ya yi fim ɗin Rashomon a 1950. Labarai biyu na Akutagawa, marubuci ɗan Japan, ya haɗa: ɗaya ya ba shi shaidun da ke ƙaryata juna kan kisan wani mutum a kurmi, ɗayan ya ba shi rusasshiyar ƙofar gari da ake fakewa ruwan sama. Daga gidan marubucin ya aro ƙarin, shi ya sa ba a ganin ɗinkin.

Yanzu ɗauki biro, ka ja layi duk inda aka ce "ya yi tunani" ko "ta ji a ranta". A gefen kowanne rubuta abin da hannu ko ido zai yi. Kada ka yi saurin ɗora muryar mai ba da labari. In ka gama shafin farko, turo mu duba tare.