Darasi daga intanet, aji kuma ba wuta: ta ina malami zai fara?

Tambaya: Ina koyar da kimiyya a aji biyu na ƙaramar sakandare. Kwanan nan na fara karanta rubuce-rubucen malamai a intanet, na ga dabaru masu burgewa. Sai dai ɗalibaina sun haura saba'in, ba wutar lantarki, wayata ce kaɗai. Yaya zan yi?

Amsa: Malam, kafin ka taɓa waya, ɗauko jadawalin darussan zango da aka ciro daga manhajar NERDC, hukumar da ke tsara manhajar karatu ta ƙasa. Duba batun makon gobe, shi kaɗai za ka nema. Wanda ya shiga intanet ba batu a hannu, data ce za ta ƙare, darasi bai haɗu ba.

Babbar matsalar ita ce yawancin abin da za ka samu an rubuta shi ne don ajin yara ashirin da biyar a Ingila ko Amurka, mai majigi da ɗakin gwaji. Idan ka kwafe shi yadda yake, minti arba'in ɗinka za su tafi wajen bayanin kayan da yaran ba su taɓa gani ba. Dabarar za ka ɗauka, kayan ka musanya. Darasin tsirowar iri, alal misali: raba ajin rukuni goma, kowane rukuni da gwangwanin madara biyu da aka huda gindinsu, da ƙasa, da ƙwayar wake biyar-biyar. Ɗaya a riƙa ba shi ruwa, ɗayan a bar shi a bushe. Cikin kwana uku zuwa biyar wanda aka jiƙa zai tsiro. Idan ba a huda gindin ba, ruwa zai kwanta, waken ya ruɓe, yara su ɗauka ruwa ne ke hana tsiro.

Duk wani adadi ko ma'ana da ka gani, gwada shi da littafin da makaranta ta amince da shi kafin ya hau allo, don da shi za a yi musu jarrabawa.

Bidiyo kuwa, kai ka kalla a gida, ka zana muhimmin hoton a kwali da alƙalamin maka. Waya ɗaya a gaban yara saba'in hayaniya kawai take jawowa. Sauke shafi lokacin da kake da sabis, ka karanta daga baya. Ka kuma leƙa Nigeria Learning Passport, dandalin karatu na intanet wanda Ma'aikatar Ilimi ta Tarayya da UNICEF suka ƙaddamar a 2022. Kyauta ne, an tsara shi bisa manhajarmu, kuma akwai darussa da Hausa.