Halawa ta tayar mini da borin jini, ga biki ya matso

Tambaya: Assalamu alaikum Anti Likita. Bikina saura wata ɗaya. Na je gyaran jiki aka yi mini halawa a ƙafa da hannu, nan take fatata ta tashi ruɗu-ruɗu kamar an zane ni da bulala, ga ƙaiƙayi. Kafin in isa gida ta baje. Mai gyaran ta ce jinina ne ba ya son sukari. Ko sosa jikina na yi haka yake tashi. In haƙura da halawar ne? Ƙanwarki daga Zariya.

Amsa: Wa alaikumus salam ƙanwata, Allah ya sanya alheri. Ki bar sukari ya huta, ba shi da laifi. Tunda susa kaɗai ma tana tayar da shi, fizgar gashin ce ta jawo. Akwai masu fatar da ko yaya aka kurje ta ko aka matse ta, sai ta saki wani sinadari mai suna histamin, wurin ya kumbura cikin mintuna, ya baje cikin kusan awa ɗaya. Ki gwada: ki ja bakin cokali a damtsenki, ki jira minti biyar. In layin ya taso, shi ne. Ba ya yaɗuwa, ango ba zai ɗauka ba.

Wannan daban yake da ƙurajen aski, masu fitowa bayan kwana ɗaya ko biyu saboda gashin da ya lanƙwashe ya koma cikin fata. Su kam suna daɗewa, har su bar baƙin tabo.

Ki tambayi likita ko mai kemis game da cetirizine ko loratadine, milligiram 10, awa ɗaya kafin halawar. Piriton ma yana yi, amma zai sa ki gyangyaɗi. Bayan an gama ki ɗora tsumma mai sanyi, ki guji ruwan zafi da matsattsun kaya. Dilka kuma ki ce a sassauta hannu, don cuɗar tana iya tayar da shi. Kada ki bari a haɗa miki man bilicin wai don ya kwanta. Yawancinsu suna sa fata ta yi siriri. Man cire gashi irin su Veet yana iya ƙona fata, sai kin gwada shi a ɗan wuri kin jira kwana ɗaya.

In kuwa leɓe ko harshe ya kumbura, ko numfashi ya yi wuya, a kai ki asibiti nan take.