Bututu ya fashe a fulat ɗin da nake ba da haya, inshorar bene ta ce ba za ta biya ba

TAMBAYA: Assalamu alaikum. Ina da fulat a wani bene mai gida goma sha biyu a Manchester, na saya da bashin banki ina ba da haya. Ɗan hayana ya tashi a watan Nuwamba, ni kuma na tafi Kano jinyar mahaifiyata. Ƙanena ya riƙa sauke baƙin kwana biyu zuwa uku ta Airbnb, shafin intanet na gajeriyar haya, daga baya gidan ya zauna ba kowa. A Janairu bututu ya fashe, ruwa ya ɓata gidana da gida biyu na ƙasa. Kamfanin inshora ya ƙi biya, ejan mai kula da benen kuma ya rubuto cewa ana iya soke inshorar ginin duka a dalilina. Shekara bakwai ina biyan kuɗin hidima, wanda ake kula da benen ake kuma biyan inshorarsa da shi, ban taɓa fashi ba. Wallahi barci ya gagare ni. Suna da hurumin yin haka?

AMSA: Wa alaikumus salam. Allah ya ba Hajiya lafiya, ya kuma yaye maka wannan damuwa.

Malam, abu biyu aka haɗa maka a wasiƙa ɗaya. Ƙin biyan diyyar wannan ɓarna daban, soke inshorar tun daga tushe daban. Na biyun ne ya hana ka barci, shi ne kuma mafi wuyar faruwa. Ita inshorar bene, mai asalin ginin ne ko kamfanin da ke kula da shi ya ɗaura ta, don haka dokar inshora ta Birtaniya ta 2015, wadda ta fara aiki a Agustan 2016, ita ke hukunci a kanta. Kafin kamfani ya soke ta ya riƙe kuɗi, sai ya nuna wanda ya ɗaura ta ya ɓoye gaskiya da gangan ko da halin ko-in-kula. In kuskure ne, kuma da kamfanin ya sani ƙarin kuɗi kawai zai nema, to rage diyya zai yi daidai gwargwado: an biya fam 6,000 alhali 8,000 ya kamata, sai a biya kashi uku cikin huɗu na asarar. Yawancin inshorar benaye kuma tana da sharaɗin da ke cewa laifin mutum ɗaya wanda mai ginin bai san da shi ba ba ya rushe kariyar sauran, muddin ya sanar da zarar ya sani. Ka nemi wannan sharaɗi, shi ne madogarar maƙwabtanka.

Ɓarnar gidanka kuwa, gaskiya ka shirya wa labari maras daɗi, kuma dalilin yana cikin maganarka ta shekara bakwai.

Kusan kullum sai wani ya zauna a gabana ya ce, "Ai ina biyan kuɗin hidima." Mutanenmu sun ɗauka wannan kuɗi kamar laya ne, an rataya ta shi ke nan. Kamfanin inshora kuwa bai lamunci bulo da siminti kawai ba, ya lamunci gini ne da irin zaman da aka gaya masa ana yi a ciki. Gidan da iyali ɗaya ke zaune shekara da shekaru, da gidan da baƙo ke shiga yau ya fita jibi, da gidan da aka kulle cikin hunturu an kashe hita, haɗari uku ne mabambanta, kowanne da farashinsa. Yawancin takardu suna cewa in gida ya wuce kwana 30 ba kowa, wasu 45 ko 60, kariyar ɓarnar ruwa da sata ta faɗi, sai in an sanar, an rufe babban famfo an tsiyaye bututu, ana kuma leƙa gidan a kai a kai.

Abin da ke ƙona min rai shi ne masu ba da shawara a zauren WhatsApp da bakin masallaci bayan Juma'a. "Kada ka gaya musu, kuɗi za su ƙara maka." "Wa zai sani?" Mai faɗin haka bai taɓa bin jami'in tantance asara cikin gidan da ruwa ya ci ba. Ni na bi. Silin ya yi ciki ya rufto, kafet na tsotsar takalmi, shi kuwa mutumin bai ko ɗaga kai ba tukuna. Ya sunkuya ya tattara wasiƙun da suka taru a bayan ƙofa yana duba kwanan wata, ya buɗe firji, ya ɗauki hoton mitar gas. Kafin ya iso ma ya riga ya ga tallar gidan a intanet, da yabon da baƙi suka rubuta, kowanne da watansa. Maƙwabciyar da ruwa ya zubo mata a kan gado kuma ba ta da dalilin rufa maka asiri. Mai shawarar da ya tsirar maka da 'yan fam kaɗan a shekara, ranar da takardar gyara ta dubbai ta iso, ba za ka gan shi ba. Wasu har cewa suke a gyara kwanan wata a ce ɗan haya bai tashi ba. Don Allah kada ka kusanci wannan. Ƙarya a neman diyya tana kashe diyyar baki ɗaya, har ɓangaren da yake halas ɗinka, ta bar maka tabon da za a riƙa tambayarka duk sanda ka nemi wata inshora.

Baƙin Airbnb ma wata rigima ce. A 2016 wata babbar kotun harkokin filaye a Ingila ta yanke cewa irin wannan gajeriyar haya ta saɓa sharaɗin lis, wato yarjejeniyar mallakar fulat tsakanin mai shi da mai asalin ginin, da ya ce a yi amfani da fulat a matsayin gidan zama kawai. Ka karanta naka lis ɗin, da yarjejeniyarka da banki.

Yanzu ka rubuta wa ejan ka nemi taƙaitaccen bayanin inshorar. Dokar masu gida da 'yan haya ta 1985 ta ba ka wannan haƙƙi, kuma kwana 21 gare su su amsa. Ka nemi ganin cikakkiyar takardar ma. Kada ka yarda da "muna dubawa" a waya. Kamfanin ya rubuto ainihin sharaɗin da ya dogara da shi. Sannan ka zauna da ƙanenka ku ƙirga kwanaki tsakani da Allah, daga daren ƙarshe da wani ya kwana zuwa ranar da bututun ya fashe, ku duba ko zaman baƙo yana cikin abin da takardar ta kira zama. In ba a taɓa aiko maka da sharaɗin gidan da ba kowa ba, ka faɗa a rubuce, domin tun ƙarshen 2023 hukumar FCA mai sa ido kan kamfanonin kuɗi da inshora ta wajabta a riƙa isar wa masu fulat bayanan inshorar benensu. Ka shigar da ƙorafi wajen kamfanin inshorar. Mako 8 gare su su ba da amsar ƙarshe, daga nan kana da wata 6 ka kai wa Financial Ombudsman Service, ofishin da ke raba gardama tsakanin jama'a da kamfanonin kuɗi, kyauta ne, su za su duba ko ka cancanci su saurare ka.

In kana da inshorarka ta mai ba da haya, wadda ke ɗaukar asarar kuɗin haya da ƙarar maƙwabta, ka sanar da su yau. Maƙwabtan nan biyu kuma ka je da ƙafarka ka yi musu jaje, amma kada ka sa hannu a wata takardar ɗaukar alhaki sai lauya ya karanta ta.