Tambaya da Amsa: Ƙarar ciyar da yara ta bidiyo

Tambaya: Malam, tsohon mijina yana wata ƙasa. Kotu za ta iya sauraron ƙarar ciyar da yara ta bidiyo?

Amsa: Za ta iya, Hajiya, muddin ƙa'idojinta sun amince. Lauyanki ya nemi izini a rubuce kafin ranar zama. Ki miƙa takardun haihuwar yara da rasidan makaranta tun da wuri, domin takardar da aka ɗaga wa kyamara ba lallai ta karantu ba. In ke ma ta bidiyo za ki halarta, ki gwada intanet da sauti, ki zauna ke kaɗai a ɗaki, don in aka ji wani yana miki raɗa, shaidarki ta raunana. Amma jayayya kan riƙon yaro, gaba da gaba ya fi.