Shin waya za ta iya bambance ƙwarin dare daga hoto?

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Ni manomi ne a yankin Saminaka. Da daddare wasu malam-buɗe-littafi masu ruwan ƙasa suna taruwa a jikin fitilar solar gonata. Na ɗauki hoton guda biyu na sa a Google Lens, ya ba kowanne suna daban, alhali a idona iri ɗaya ne. Wanne zan kama kafin in sayi magani?

Amsa: Wa alaikumus salam, Malam. Kada ka sayi magani tukuna. Manhajar tana kwatanta hotonka ne da tarin hotunan da aka koyar da ita, sai ta ba ka wanda ya fi kama. Ƙwarin dare kuwa suna da wuyar sha'ani. Wanda tsutsarsa ta fi damun masara, da masana ke kira Spodoptera frugiperda, ɗan asalin nahiyar Amurka da aka fara ganinsa a Afirka ta Yamma a 2016, namijinsa na da farin tabo a ƙarshen fiffike, macen kuma launin toka ce kusan ba zane. Ka ga ke nan jinsi ɗaya ma na iya zuwa da suna biyu. Akwai kuma danginsa da ko masana sai sun duba a ɗakin gwaji.

Yawancin matsalar daga hoton take. Hasken filasha yana wanke zanen fiffike, jawo hoto da yatsu kuma yana dusar da shi. Ka kife ƙwaron da kofin gilashi har wayewar gari, lokacin sanyi ya sa ya lafa. Ɗora shi a farar takarda, ka ajiye tsinken ashana a gefensa don a gane girmansa, ka goge idon kyamarar da gefen riga, ka taɓa jikin ƙwaron a fuskar waya har ya fito tar. Ɗauki ta sama da ta gefe. Kada ka riƙe shi da hannu, domin garin da ke manne maka a yatsa shi ne zanen da ake nema.

Ni na fi son manhajar iNaturalist, saboda bayan hasashen na'ura, mutane masu sani suna dubawa su gyara. Ka bar alamar nuna wuri ta wayar a kunne don a san inda aka ɗauki hoton, yana rage kuskure sosai. In malamin gona za ka tura wa ta WhatsApp, tura shi a matsayin fayil, don kada a matse hoton.

Amma abin da ya fi sauƙi yana cikin gonar. Buɗe zuciyar masara inda ka ga kashi kamar dusar katako, ka ɗauki hoton tsutsar. Tsutsar Spodoptera frugiperda tana da alamar Y a kife a goshinta, da ɗigo huɗu baƙaƙe a jere kamar murabba'i kusa da wutsiya. Wannan hoton shi za ka kai wa malamin gona.